Abin bauta na tausayi da wadatar zuci a duniyar almara: inda ginin yake rushewa

A cikin ababen bautar da marubuta labaran almara da masu tsara wasanni ke ƙagowa, wanda ya fi ba da wahala shi ne na tausayi da wadatar zuci. Na yaƙi ba ya cin rai: a miƙa masa takobi, a nuna masa abokin gaba, labari ya kama hanya da ƙafarsa. Na dukiya ma haka yake, tunda kwaɗayi mabuɗin wahala ne, wahala kuwa ita ce abincin labari. Amma wanda koyarwarsa ita ce ka ji ƙan na ƙasa da kai, ka kuma gode da abin da ke hannunka, yakan fito lami kamar miyar da ba gishiri. Mabiyansa mutanen kirki, ɗakin bautarsa tsaf-tsaf, amma ka shekara a ciki ba abin da zai faru.

Maganar nan ta ƙage ce zalla, kayan aikin mai ba da labari, kamar yadda ake ƙago sarki da birni da dodo a tatsuniya. Fagen da aka fi sarrafa ta shi ne wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, sai jagoran wasa ya riƙa bayyana musu duniyar da suke ciki, ana jefa 'ya'yan lido masu fuskoki daban-daban don sanin wanda ya yi nasara. A wannan wasan akwai rukunin jarumai masu hidima ga wani abin bauta, kuma daga gare shi suke samun sihirinsu. Saboda haka dole jagora ya san abin da addinin yake so, da abin da ya hana, da inda kuɗinsa ke fitowa, domin 'yan wasa za su tambaya, kuma a take suke son amsa.

Duniyar Forgotten Realms, wadda Ed Greenwood ya ƙaga aka kuma buga ta a matsayin fagen wasa a 1987, ta ba mu misalin da ya dace a fara da shi. A can akwai Ilmater, abin bautar jinƙai da juriya. Ana siffanta shi da mutum mai karyayyen jiki, cike da tabo, wanda ke ɗaukar wahalar wasu a kansa. Tambarinsa hannaye biyu ne da aka ɗaure a wuyan hannu da jar igiya, masu hidimarsa kuma toka-tokan tufafi suke sawa. Akwai kuma Eldath, ta natsuwa da zaman lafiya da maɓuɓɓugan ruwa, tambarinta ruwa ne mai gangarowa daga tudu zuwa cikin tafki mai kwance. Abin lura shi ne an raba halayen biyu, kowanne da mai shi. An ba Ilmater tausayi, amma a wurinsa ba kwanciyar hankali. An ba Eldath kwanciyar hankali, amma mabiyanta sun fi zama a kurmi, nesa da hayaniyar gari. Duk wanda ya ce zai haɗa biyun a jiki ɗaya, to ya ɗauko aikin da wannan rabon ya kauce wa.

Dalilin wahalar a fili yake in aka dubi abin da kowace ɗabi'a ke sa mutum ya yi. Tausayi tayar da mutum yake yi. Ka ga maraya yana kuka, ka kasa zama, ka tashi. Wadatar zuci kuwa zaunar da shi take yi: abin da kake da shi ya isa, ba sai ka bi duniya da gudu ba. Ɗaya na cewa duniya ba ta daidaita ba, a gyara. Ɗaya na cewa ya wadatar, a gode. Marubucin da bai lura da wannan ja-in-jar ba yakan jera kalmomin biyu a kan takarda kamar tagwaye, ya wuce. Daga nan sai ɗayan biyu ya faru. Ko dai wadatar zuci ta danne tausayi, a samu masu hidima da ke kallon mai jin yunwa suna ba shi haƙuri. Ko kuma tausayi ya danne ta, a samu asibiti mai ɗauke da sunan addini, ba a ƙara jin ɗuriyar wadatar zuci sai a rubutun da ke bisa ƙofa.

Maganin da ya fi aiki shi ne a ba kowace ɗabi'a alƙiblarta. Wadatar zuci mutum kansa yake ɗora wa, tausayi kuma ga waninsa yake juyawa. Mai hidima yana da damar ya ce wa cikinsa ya isa haka, amma ba shi da damar faɗa wa cikin maƙwabcinsa. In aka kafa wannan a matsayin tushen aƙida, halayen biyu sun daina faɗa, sun koma ciyar da juna: abin da na rage daga bakina shi ne zan miƙa maka. Kuma nan take an samu ɓatacciyar ɗariƙa ba tare da an sha wahalar nemanta ba, wato masu juya alƙiblar. Su ne ke wa talaka wa'azin ya gode da ɗan abin da ya samu, su kuwa suna tausaya wa kansu da nama da zuma. Kowane mai karatu ya san irin wannan mutumin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai tushen aƙida shi kaɗai ba ya tsayar da addini a cikin labari. Kalmar "ya isa" tana bukatar mudu. Nawa ne ya isa? A nan ne yawancin masu ƙaga suke zamewa, su bar maganar a sama. Addinan gaske da suka ɗauki wannan batu da muhimmanci sun saka masa iyaka da za a iya ƙirgawa. Sufayen addinin Buddha, alal misali, abubuwa huɗu aka ce su ne bukatarsu: tufafi, abinci, makwanci da magani. Mai ƙaga addinin almara shi ma ya yanke nasa adadin ya rubuta. Riga biyu da ƙwarya ɗaya da sanda ga kowane mai hidima. Rumbun ɗakin bauta ba ya riƙe hatsin da ya wuce na shekara guda, abin da ya haura a raba kafin sabon girbi ya shigo. Da zarar an rubuta irin wannan doka, labari ya samu ƙofa. Shekara ta yi albarka, tsofaffi sun hango fari na tafe, mai kula da rumbu yana so ya ɓoye na shekara biyu. Ya saɓa doka ne ko ya yi tausayi? Mutum biyu masu gaskiya za su iya rabuwa a kan wannan har abada, kuma irin rabuwar da ake nema ke nan.

Lissafin sihiri shi ne wurin da ya kamata a fi daɗewa, domin a nan ne ake gane ko duniyar da aka gina za ta tsaya. Tambayar da ɗan wasa mai hankali zai yi ita ce: in har masu hidimar nan suna warkar da cuta da sihiri, suna samar da abinci daga iska, me ya sa har yanzu akwai majinyata da mayunwata a garin? Dokokin wasan na bugun 2014 sun ba da amsa, in an zauna an ƙirga. Mai hidima da ya kai mataki na 5 na ƙwarewa yana da gurbin sihiri huɗu na daraja ta ɗaya, uku na daraja ta biyu, biyu na daraja ta uku, kowane gurbi damar jefa sihiri ne sau ɗaya, kuma waɗanda ya ƙarar ba sa dawowa sai ya yi dogon hutu na awa 8. Sihirin samar da abinci da ruwa na daraja ta uku ne, yana fitar da abinci kimanin kilo 20 da ruwa sama da lita 110, wanda zai riƙe mutum 15 na kwana ɗaya. Ke nan in ya ƙarar da guraben biyu a kan abinci, mutum 30 ya ciyar. Sihirin kawar da cuta na daraja ta biyu ne, mutum ɗaya yake warkarwa a kowane jefi. In ya haɗa gurabensa na daraja ta biyu da ta uku duka, mutum 5 zai warkar a yini, kuma ranar ba wanda zai ci abincin sihiri.

To a ɗauka gari ne mai mutum 5,000, annoba ta kama 500, ɗakin bauta yana da irin waɗannan masu hidima uku. Mutum 15 ke nan a rana. Kafin a zagaye kowa an haura wata guda, cutar kuma ba jira take yi ba. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya nuna yadda addinin zai kasance a aikace. Dole a samu layi a bakin ƙofa. Dole a samu wanda ke zaɓen waɗanda za a shigar yau, kuma wannan mutumin ne ya fi kowa ɗaukar nauyi a gidan, ko da ba shi ne shugaba ba. Dole yawancin aikin ya zama na hannu: tafasa ruwa, wanke miki, saiwa da ganye, haƙa kabari, zama kusa da wanda ba zai kai gobe ba. Sihiri ɗan ƙaramin kaso ne. Mai tsara addinin ya rubuta ƙa'idar zaɓe da kalmomi ƙalilan. Yara ne farko? Wanda ya fi kusa da mutuwa? Wanda iyali suka dogara da shi? Ko ƙuri'a ake jefawa don kada wani ɗan Adam ya ɗauki alhakin? Kowace amsa tana haifar da addini mai fuska daban, kuma kowacce tana barin wani a waje yana kallon ƙofa.

Batun ta da matacce ya fi wannan zafi. A dokokin nan, sihirin yana bukatar lu'ulu'u mai darajar zinariya 500, wanda ke ƙonewa a cikin aikin, kuma dole mamacin bai wuce kwana 10 da mutuwa ba. Lebura a wannan wasan azurfa 2 yake samu a rana, azurfa 10 ke yin zinariya ɗaya. Wato lu'ulu'un daidai yake da ladan kwana 2,500, kusan shekara bakwai, alhali kuɗin rayuwar talaka a littafin shi ma azurfa 2 ne a rana, ba abin da zai rage ya tara. A juya lissafin ta wani gefen: zinariya 500 za ta riƙe mutum 100 na kwana 25. Addinin da ke da'awar tausayi da wadatar zuci ba zai iya yin shiru a kan wannan ba. A ganinmu matsayin da ya fi dacewa da shi shi ne ya ƙi ta da matattu gaba ɗaya, ya ce kwanakin da mutum ya samu sun isa, lu'ulu'un kuma haƙƙin masu rai ne. Matsayi ne mai tsauri, kuma ranar da jarumin ɗaya daga cikin 'yan wasa ya faɗi, abokansa suka ɗauko gawarsa zuwa ɗakin bautar da suka daɗe suna taimako, a ranar za a san ko addinin yana da ƙashi. Jagoran da zai bi wannan hanya ya sanar da 'yan wasansa tun zaman farko. In ya ɓoye sai ranar da abin ya faru, za su ɗauka mugunta ce ya shirya musu, kuma suna da hujja.

Daga nan sai kuɗi. Gidan da ke ciyar da mutane kullum yana bukatar gona, ko mai ba da gona. Tarihi ya nuna hanyoyin da irin waɗannan gidaje ke bi, kuma mai ƙaga zai amfana da su fiye da duk abin da zai zauna ya ƙirƙiro. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi aka riƙe shi, wato kadarorin da aka tsayar don amfaninsu ya riƙa shiga hidimar majinyata. Wannan tsari yana ba gida 'yanci daga roƙo, amma yana mai da shi mai gidaje da gonaki, mai karɓar haya, wataƙila daga hannun talakan da yake yi wa magani. Ƙungiyar da ta fara da kula da masu ziyara marasa lafiya a Ƙudus, wadda Fafaroma ya amince da ita a 1113, daga baya ta zama rundunar mayaƙa mai ganuwa da jiragen ruwa. Ba dare ɗaya abin ya faru ba: wanda ke jinyar matafiya yakan fara tunanin tsare hanyar da suke bi, mai tsare hanya kuma yana bukatar doki da takobi. Mabiyan Faransis na Asisi, waliyyin Kiristoci ɗan Italiya wanda ya rasu a 1226, sun shafe kusan ƙarni guda suna jayayya a kan ma'anar talaucin da ya koyar, ko ya halatta ƙungiya ta yi amfani da gini da littattafai da rumbu tana cewa ba mallakinta ba ne. Rigimar ta kai har Fafaroma Yohanna na 22 ya yanke hukunci a 1323 wanda bai yi wa masu tsananin ra'ayin talauci daɗi ba.

Waɗannan ukun sun isa su ba addinin almara tarihin shekara ɗari uku. Tsara ta farko masu yawo ne da ƙwarya. Ta biyu ta karɓi kyautar fili daga wani basarake, ta gina asibiti. Ta uku ta ɗauki masu gadi. A tsara ta huɗu sai wani matashi ya tashi ya ce an bar hanya, ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa ya fita, wasu suka bi shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a mai da masu ginin miyagu, masu ƙwarya kuma tsarkaka. Labarin ya fi nauyi in masu ginin suna da gaskiyarsu: asibitinsu yana ceton ɗaruruwa a shekara, mai yawo da ƙwarya kuwa mutum nawa zai kai gare su? Abin da za a aro daga tarihi tsarin riƙon gida ne da irin rigimar da yake haifarwa. Ibadar addinin da mutane ke bi a yau, da lafuzzansa da sunayensa masu tsarki, a bar wa masu su. Ɗora su a kan ƙagaggen abin bauta cin fuska ne, kuma yana nuna mai ƙagar bai yi aikinsa ba.

A teburin wasa akwai wata matsalar ta daban. Injin wasan kansa a kan tara dukiya aka gina shi. A bugun farko-farko, kowace zinariya da jarumi ya kwaso daga kogo tana ƙara masa makin ƙwarewa, wato da ganima ake hawa mataki. Yaya mai wa'azin wadatar zuci zai zauna cikin ayarin da sana'arsu ke nan? An gwada hanyoyi biyu. Littafin 'yan wasa na 1978 ya ɗaure jarumi mai tsarki da dokoki: ba zai riƙe kayan sihiri fiye da 10 ba, zai fitar da kashi 10 cikin 100 na duk abin da ya samu, sauran kuma ba zai ajiye fiye da bukatarsa ba. A 2003 wani littafin ƙari ya kawo alwashin talauci, inda jarumi ke barin mallakar kaya, a musanya masa da ƙarin ƙarfi da kariya yayin da yake hawa mataki. Hanya ta biyun tana da illa bayyananniya: ta mai da talauci ciniki. Ɗan wasa yakan zauna ya auna ko abin da za a ba shi ya fi abin da zai bari, in ya fi ya ɗauka. Wanda ya bar dukiya don an biya shi da abin da ya fi ta bai bar komai ba.

Abin da ya fi tafiya daidai shi ne a bar jarumin ya karɓi kasonsa cif, kada a rage, sannan jagora ya nuna inda kuɗin ya tafi. In ya ba da zinariya 200 ga ɗakin bautar wani ƙauye, bayan zama uku ko huɗu a dawo da ayarin ta ƙauyen, su tarar da rijiya, su tarar da mutanen da za su ɓoye su ranar da ake farautarsu. Kada ya bar kasonsa ga abokan tafiya, domin hakan yana sa sauran su riƙa cin ribar gudun duniyar wani, kuma yana lalata daidaiton rabon kaya. Haramce-haramce kada su wuce uku, kuma su zama abin da za a iya gani an karya: ba ya kashe wanda ya miƙa wuya, ba ya wuce mai rauni ko da abokin gaba ne, ba ya kwana da kuɗin da ya wuce guzurin kwana 10. In sun yi yawa, ɗan wasan zai koma ɗan sandan tebur, yana hana kowa motsi, sauran su gaji da shi. Dokar ta ɗaure shi ne shi kaɗai, wanda kuma ya yi daidai da alƙiblar da aka kafa tun farko.

Dalilin fitarsa daga gida ma sai an tanada, tunda na zaune bai ga gari ba. Mai wadatar zuci ba zai bi taswirar taska ba. Zai bi sawun yaran da aka sace, zai raka ayarin hatsi zuwa yankin da fari ya ci, zai nemi tushen cutar da ta fi ƙarfin guraben sihirinsa. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, ya yi amfani da wannan da kyau. A unguwar Rivington akwai ɗakin bautar Ilmater da ke taimakon 'yan gudun hijira, aka kashe babban mai hidimarsa, aka kuma ɗora laifin a kan wani ɗan gudun hijira. Alherin gidan shi ne ya jawo rikicin, ba a bukaci a ɓata addinin ba kafin a samu labari. A kwatanta da Mara ta wasan Skyrim na 2011, wadda aka ce ta ƙauna da tausayi ce. Abin da yawancin 'yan wasa ke tunawa da ita shi ne layar da ake saya a garin Riften na cikin wasan a rataya don a nuna ana neman aure. Suna ne babba, aikin da aka ba shi kaɗan.

Abokin gaba kuma a zaɓe shi da lura. Ilmater yana da Loviatar, ta azaba da mugunta, kishiya ce ta kai tsaye, kuma tana aiki. Amma ga addinin da ya haɗa da wadatar zuci, maƙiyin da ya fi haɗari shi ne wanda ya yi kama da shi. A cikin dokokin wasan akwai sihiri na daraja ta biyu da ke kwantar da zuciya: duk wanda ke cikin da'irar kimanin mita 6 zai iya rasa fushinsa na tsawon minti ɗaya. An yi shi ne don raba faɗa. To a ɗauka wani reshe na addinin ya gano yadda zai sa wannan ya daɗe, ta turare ko ta ruwan sha, wani mai mulki kuma ya ɗauki nauyinsu. Gari ya yi tsit, ba mai ƙorafi, ba mai kuka, haraji na hawa kowa na murmushi. Masu yin haka za su rantse tausayi ne ya sa su, sun ɗauke wa mutane baƙin ciki. A nan ne addinin zai fayyace bambancin wadatar zuci da mutuwar zuciya: ta farko mutum ne ya ga abin, ya auna, ya zaɓi ya ce ya isa, ta biyu kuwa an ƙwace masa ma'aunin ne. Jarumin da ya fito daga wannan addini shi ya fi cancanta ya fasa tukunyar turaren, ko da ya san mutanen za su farka cikin kuka.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin tarko na kalmomi. Littattafan yaƙi da jarumta da aka saba karantawa sun riga sun ba boka da matsafi da gunki launi guda, na mugunta da jini. In ka kira mai jinyar majinyata matsafi, mai karatu zai zauna yana jiran ranar da zai yanka wani. In kuma ka ba shi laƙabin malaman addinin gaske, ka taɓa abin da bai kamata ba. Mafita ita ce a raɗa wa muƙamai suna daga aikinsu: mai ƙwarya, mai rumbu, mai ƙofa, uwar ɗaki, mai zaman dare. Sunaye irin waɗannan suna gaya wa mai karatu yadda gidan ke tafiya ba tare da an tsaya bayani ba, kuma sun dace da addinin da ba ya son taƙama.

Wani abu ɗaya daga addinin Ilmater ya cancanci a aro shi kusan yadda yake. An ba masu hidimarsa damar roƙon hutu na kwana 10, a sauke musu nauyin dokokinsa, saboda wanda ke kwana yana tashi cikin wahalar mutane zuciyarsa takan gaji. Wanda ya rubuta wannan ya san aikin jinya. A addinin da ya haɗa tausayi da wadatar zuci, wannan hutun yana iya zama babbar ibadarsa, a kuma mai da shi dole maimakon roƙo. Sau ɗaya a shekara, mai ƙofa ya karɓi ƙwaryar mai hidima ya rataye ta. Kwana 10 ba zai taɓa majinyaci ba, ba zai jefa sihiri ba, ba zai shiga rumbu ba. Waɗanda ya yi wa jinya a shekarar su ne za su dafa masa, su ɗebo masa ruwa, kuma haramun ne ya ce a'a ko ya biya. A tebur, jagora zai iya saka wannan tsakanin manyan tafiye-tafiye biyu, ya ba ɗan wasan fage guda ko biyu: matar da ya ceci ɗanta ta kawo tuwo, mutumin da aka bari a waje ranar annoba shi ma ya zo ya zauna a bakin ƙofa. In kuma ƙararrawar gari ta kaɗa a kwana na shida, an shigo da masu rauni, ƙwaryarsa tana rataye a inda mai ƙofa ya sa ta, sai jagora ya juya ga ɗan wasan ya tambaye shi abin da zai yi.